Barkono Biyu a Ƙunshin Ammachi

Anti Rahel,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Bana na gama digiri a kan harhaɗa magunguna, kuma kafin aiki ya samu na shiga ƙungiyar matasan cocinmu a nan Kottayam, masu rabon ƙunshin shinkafa. Kin san tsarin: kowane gida ya ƙara abincin mutum ɗaya a tukunyar rana, a naɗe a ganyen ayaba, mu bi mu karɓa, mu kai wa masu kwana a tasha da bakin asibiti. Ba a rubuta suna. Limamin cocinmu kuma, Fada Skariah, ya kafa doka cewa kada kowa ya raba ƙunshin unguwarsu, don kada mai ci ya gane hannun da ya ba shi.

Na karya dokar, amma ba da gangan ba. Ruwan sama ya tsare wanda muke musayar jaka da shi, abinci yana hucewa, sai na wuce tashar jirgin ƙasa da jakar unguwarmu. Wani mai furfura da ke zama a ƙarƙashin gada ya karɓi ɗaya. Ya kwance, ya ga barkono biyu a gefe, irin wanda ake jiƙawa a nono da gishiri, a shanya, a soya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Har yau tsohuwar nan ba ta iya ƙirga ta wuce biyu ba?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ƙunshin kakata ne, Ammachi. Ban yarda da idona ba sai da na ga tabon girarsa ta hagu, daidai da na hoton da ke rataye a falonmu. Baffana ne, Kuriachan, ƙanin Babana. Ina 'yar shekara goma ya bar gida bayan sun yi rigima da Babana a kan shan giya. Tun daga nan abin da ake faɗa a gida shi ne yana aiki a ƙasar waje, a birnin Muscat, aikin ba ya barin sa ya kira waya. Ni ma haka na ɗauka.

Shi ma ya gane ni, wai hancin yayansa ne aka liƙa mini. Ya ce in na buɗe baki a gida, zai hau jirgin farko da ya tsaya, ko ina ya nufa. Na yi alkawari. Amma Anti, ƙafafunsa sun kumbura, farin idonsa ya koma rawaya. Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ciwo suna ba, sai dai na san abin da hakan kan nuna ga wanda ya daɗe yana sha. Ga damina ta kankama.

Ammachi shekararta tamanin da ɗaya, tana da hawan jini. Kullum da safe takan ɗumama ganyen a wuta, ta sa barkonon nan biyu, alhali duk gidanmu ba mai cin sa. Yanzu ɓoye ƙunshinta nake yi in kai masa, wato kullum ina karya doka. Ban san ko Babana ya sani ba. In na faɗa, Baffa zai gudu, ko zuciyar Ammachi ta buga. In na yi shiru, wataƙila wata rana in iske wurin ba kowa. Ko zama na kasa yi. Yaya zan yi?

Mai Jakar Unguwa

*

'Yata,

Ki zauna tukuna, ki numfasa. Ba ki cuci kowa ba.

Baffanki yana da haƙƙin rufin asirinsa, don ba abin da ya rage masa sai shi. Kakarki kuma tana da haƙƙin ɗanta. Amma kafin duka biyun akwai hantarsa. Ki je wurin Fada Skariah yau, ki faɗa masa komai, har da batun jakar. An kafa dokar ne don kare mutuncin mai ci, kuma limami ya saba riƙe sirri. Shi zai samo likita da gado a masaukin ikilisiya ba tare da gidanku ya ji ba. Ki sanar da Baffa kafin ki tafi, kada ya ji a bakin wani. Ki ce masa gida kika yi alkawarin ba za ki faɗa wa ba, ba ki yi alkawarin zuba ido ya mutu ba.

Babanki ki bar shi tukuna. Ko ya sani ko bai sani ba, tuhuma ba za ta buɗe ƙofa ba.

Kina da kiyaye ƙananan abubuwa, amma kin rubuta babban da hannunki kin wuce. Tsohuwar da ta yarda ɗanta yana Muscat ba za ta riƙa soya barkonon da shi kaɗai ke ci tana aikawa tasha ba. Ina jin ta daɗe da sanin irin wurin da za a same shi. Baffanki ma da mai niyyar gudu ne da tuni ya gudu, ga shi kullum yana jiran ƙunshin.

Ki faɗa masa wannan yadda na faɗa miki, ki bar shi ya zaɓi ranar komawa gida. Ba ke za ki ɗauko shi ba, ke dai ki riƙe hanyar a buɗe. Gobe da safe kuwa, in tana ɗumama ganye, ki tsuguna kusa da ita ki tambaya, "Ammachi, wa kike sa wa barkonon nan?" Sannan ki yi shiru, ki saurara.

Ubangiji ya ba shi lafiya, ya kwantar miki da hankali, ya nuna wa tsohuwa ranar da za ta zuba masa a faranti.

Anti Rahel