Amsar da Na Kasa Rubuta wa Tanabe

Argungu,
3 ga Yuli.

Zuwa ga aminina Arzika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Laure da duk mutanen Gesse. Ya ƙafar? Ina fata ka daina yi wa likita gardama.

Labari ne ya zo daga Japan. Ka tuna tsoho Tanabe, manomin da aka sauke mu gidansa lokacin da aka tura mu koyon noman shinkafa? Jikarsa ce ta lalubo 'yata Nazifa a intanet. Ta ce yana kwance asibiti, jiki ya yi tsanani, yana kuma tambaya ko mutanen Kabin nan biyu suna tunawa da shi.

Arzika, kunya ta kama ni. Shekara talatin da ɗaya ban aika masa ko layi ɗaya ba. Mutumin da ya share mana ɗakin hatsinsa don mu riƙa salla, matarsa ta yi wata shida tana dafa mana kifi saboda ba mu cin yankansu. Kai kuwa har ka rame ba ka iya riƙe tsinkayen cin abincin nan ba.

Ina son in ba shi amsa da harshensa, da hannuna, tun yana iya karantawa. Sai dai ƙamus ya ba ni kalmomi biyu, duka wai tunawa. Oboeru ta wanda ya riƙe abu a zuciya ce, omoidasu ta wanda abin ya faɗo masa daga baya. In na sa ta farko, ji nake na yi ƙarya. Ta biyu kuma ina tsoron ta sosa masa rai. Ka fi ni ƙoƙari a aji, ko da yake a gona ba ka tsinana komai ba. Ka zaɓa mini da sauri.

Naka,
Malami.

Argungu,
19 ga Yuli.

Aminina Arzika,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, na ga amsarka, wai in sa duka biyun. Da ma na san haka za ka yi mini.

Kwana tara ina rubutawa ina yagawa. Nazifa ta gaji da ni, ta biyo ni fadama ranar da muke dashe, ta ɗauki hotona riƙe da igiya, shuka layi-layi yadda Tanabe ya koya mana. Ta tura wa jikarsa ba da sanina ba. Na yi mata faɗa sosai.

Jiya jikar ta rubuto. Tanabe ya rasu ranar Litinin, amma ya ga hoton kwana biyu kafin nan. Ta ce ya sa an ƙara masa girmansa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a gaya wa Malami har yanzu yana matse shuka, ya ƙara tazara.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da safen nan na shiga gonar na auna da hannuna. Gaskiya ya faɗa.

Ka gaida Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ne naka,
Malami.