Gangaren da Kika Zaɓa Mini

Zuwa ga Zulfa, sanyin idanuna, inuwar ɗinya a tsakar rana, dabinon da ya nuna can ƙololuwa inda hannu ba ya kai, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, irin wadda ni na rasa. Kada ki yi mamakin karkacewar rubutun nan. A kwance nake yin sa, ƙafata ta dama cike da ƙarafan likita, Inna kuma tana gefe tana yi mini fifita, ba ta san ke nake rubuta wa ba. Da ta sani da ta yaga takardar.

Kin tuna Asabar ɗin nan ta ƙarshen damina? Da sassafe muka haɗu a unguwar Takur da kekunanmu, ni da abokan hawana Yahuza da Abdulbaƙi, ke kuma da ƙawarki Murja. Kin ɗora hular kwano a kan hijabinki ruwan toka, kika yi kyau har na manta da addu'ar hawa. Muka bar kwalta muka faɗa daji ta wajen Kiyawa, muka bi burtalin shanu, ciyawa na dukan gwiwa, laka na fallatsa, fakaru na tashi a gabanmu a firgice. Wayyo, wannan safiya! Kina gaba kamar barewa, ina binki kamar inuwarki. Da ƙaya ta huda tayarki, wa ya durƙusa cikin taɓo ya yi miki faci? Kika tsaya a kaina kina cin dabino, kika jefo mini ƙwallon, na ɗauka alama ce ta ƙauna. Kaico, har aljihu na saka shi!

Sai muka hau kan dutsen nan. Hanya biyu ce a gabanmu: ɗaya ta zagaya a hankali, ɗaya ta zube tsaye tsakanin duwatsu, a ƙarshenta ga kwazazzabon da ruwa ya ci. Yahuza ya ce ko akuya ba ta bin ta. Ke kuwa, ya hasken raina, kika dube ni da idanun nan naki masu kama da sabon wata, kika ce kullum baki ne da ni, in da gaske nake in sauka ta nan, kuma kada in taɓa birki. Kika ɗaga wayarki kika saita ni. Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Me kike so in yi? A ranar nake shirin roƙonki izinin turo magabatana. Da wane ido zan kalle ki in na ja da baya? Na sauka, Zulfa. Ban taɓa birki ba, Allah ne shaidata.

Ƙarar ƙashin nan har yau tana kunnena, kamar an taka busasshen kara. Amma ba ita ke hana ni sukuni ba. Ina kwance a gindin kwazazzabo, bakina cike da ƙasa da jini, sai na jiyo dariyarki tana gangarowa daga sama, zazzaƙa, mai daɗi, kamar kukan kanari bayan ruwa. Ban taɓa jin kin yi dariya mai kyau irin wannan ba. Ko da kika ga ban tashi ba, ba ki sauko ba. Abdulbaƙi ya ce bari ya mayar da ku gida kada rana ta yi, kika juya kekenki kika bi shi. Yahuza ne da wani dattijo makiyayi suka ciro ni, suka ɗora ni a amalanken shanu har bakin titi.

Wata nawa ke nan ina kallon ƙofa? Duk takalmin da na ji a zaure sai zuciyata ta ce ke ce. Hoton faɗuwata kuwa ya zagaye wayoyin Dutse, har kiɗa aka sa masa, yaran unguwarmu suna kwaikwayona da tsofaffin tayoyi. Na aiki Murja ta roƙe ki ko da kalma ɗaya, ta dawo tana ɓoye fuska. Wai kin ce ke ba ki ce in faɗi ba, cewa kika yi in sauka.

Gaskiyarki ce, gimbiyata. Yaushe kika taɓa yin kuskure?

Likita ya ce ƙafar za ta haɗe, amma za ta gajarce, ni da keke kuma sai dai kallo. A makon na ji cewa iyayen Abdulbaƙi sun je gaisuwa wajen Alhaji mahaifinki, an kuma karɓe su hannu bibbiyu. Allah ya sanya alheri. Ki tambaye shi dai, wata rana in kuna hira, ko shi zai sauka.

Ba na roƙon ki dawo. Alkawari zan yi miki, kin kuwa san ni da cika umarni. Ba zan so wata ba bayanki, ba zan bar garin nan ba, ba kuma zan ɓuya a ɗaki ba. Ranar ɗaurin aurenki zan zo da sandata in zauna a sahun gaba. Za ki gan ni a kasuwa, za ki gan ni a bakin layinku ina ɗingishi a hankali. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami ƙafata, ko da 'ya'yanki ne wata rana, zan yi murmushi in gaya masa sunanki, cikin ladabi da ƙauna.

Naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,
Muntaka