Tsumman da Anka Ciro daga Motarka

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da hwatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce matarka Abu. Ka san ban shiga lakwal na koyi boko ba, Rabi matar ɗanmu Isuhu ita ka rubutawa, ni ina hwaɗi. Na ce mata kar ta gyara mini magana ko guda, don yau hushi nika yi da kai.

Tsohuwar akori-kurar da ka bari har yanzu tana tahiya, Isuhu na jidar albasa da ita. Amma ƙarhen nan da ya raba inji da wurin zama, kai ka san abin da ka yi mai. Ka huda don wayar radiyo, ka huda don hon, ka huda don igiyar buɗe kapo, murhin injin nan, har ya koma kamar rariya. In zahi ya fara gasa ma ƙahwa sai ka cusa tsumma, ka ce, "An gama aiki, ba sai an ga ɗan garaji ba."

To, ran Laraba hayaƙi ya biyo ta hudojin nan, Rabi da tsohon cikinta har sai da ta suma a hanyar Malbaza. Nac ce wallahi ba mai sake shiga motar nan sai an toshe. Munka kai ta wurin wani mai walda a Ƙonni, ni ma na bi su, don in ba ni nan Isuhu ce mai zai yi a ɗan taɓa kawai.

Mai waldar yac ce sai an ciro tsummokaran duka kahin ya sa wuta, in ba haka ba motar ta kama. Ya sa ƙugiya shina zaƙulowa, shina dariya. "Inna, mijinki direba ne ko tela?" Ya ciro guda, ya ciro biyu, duk baƙi ƙirin da mai. Na ukun ya hito da tsawo, ya yar gaban ƙahwata. Na duƙa na warware. Ciki inda mai bai kai ba, ga baƙin saƙi mai ratsin hwari, ga ɗinkin jan zare a baki. Ni na yi ɗinkin nan da hannuna.

Maigida, zanen Innata ne. Wanda ta bar mini, wanda ya ɓace ran bikin ɗiyarmu Rakiya.

Ka tuna ranar? Na wanke shi na shanya. Kai kuma da sahe kana ta mita za ka ɗauki ƴan kai amarya, kar ƙahwar gwaggonni ta ƙone a ce motarka ba ta da kirki. Da hantsi na nemi zane, babu. Ƙanwata Dije ta zo daga Dogarawa, ita ta kwana ɗakina, dama ta taɓa cewa ita ta hi cancanta da shi. Gaban mata, gaban tukwanen tuwo, nac ce mata, "Ɓarawon gida ya hi na waje iya sata." Ta ɗauki ƙunshinta ba ta ci komi ba, tac ce, "Yaya, in na sake shan ruwa gidanki, ba Inna ta haihe ni ba."

Kana ina sa'annan? Kana gindin darbejiya da radiyonka. Ka ji komi. Abin da kac ce kawai, "Ku mata dai!" Ka san zanen na cikin motarka, ka yayyaga shi da hannunka, ka yi shiru.

Rakiya yanzu ɗiyanta shida. Dije ba ta zo sunan ko guda ba. Da mijinta ya rasu ban tahi ba, aike na yi. Da kai ka rasu ta zo, ta tsaya ƙohwar gida ta yi gaisuwa, anka miƙa mata ruwa ta ce tana azumi. Ni kuwa har cikin raina nac ce kunyar sata ce.

Kunya ce ta hana ka hwaɗi, ko tsoron bakina? Na san bakina, ban ce ba ni da laihi ba. Da ka hwaɗi, da na yi ma masihwar kwana biyu, na ukun in dama ma hura. Haka munka saba.

An like hudojin da ƙananan ƙarahuna, waɗanda waya ke bi an sa masu roba. Isuhu ya ce a zubar da tsummokaran zanen. Na hana. Na wanke su da toka da sabuni sau uku, sun ƙi hita, haka zan kai su.

Gobe bayan sallar asuba Isuhu zai kai ni Dogarawa. An ce idon Dije ya yi rauni, to ta taɓa da hannu, ta san saƙar Inna. Ni babba zan durƙusa gaban ƙanwata. Ban sani ba ko za ta amsa sallamata.

Na yahe ma nawa, Maigida, ko da raina na tahwasa. Na Dije ba ni da ikon yahe ma, sai na roƙa mana mu biyu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sassauta ma tambaya, Ya sa Dije ta karɓi roƙona. Amin.

Taka, mai hushi da kai har yanzu,
Abu