Dariyar Baba a Zaman Makoki

Zuwa ga ƙanina Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Juwairiyya da yara, ya kuma sa albarka a kasuwarka can Fatakwal. Mu nan sai godiya. An gama girbin dawa, maigidana ya samu fiye da bara, ni kuma na baro Kibiya ina Rano wurin su Inna kwanakin nan. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Zancen Baba ne. Ka san tun ɗan shanyewar ɓarin jikin da ya same shi da damina hannu da ƙafa sun dawo, amma wani abu ya saura. Ana cikin hira lafiya lau sai ka ga hawaye, kafin ka miƙo masa ruwa ya koma dariya, sannan ya bi mu da kallo cikin kunya. Abin ya fi muni ranar makokin ƙanin Alhaji Haliru, mai motocin hayar nan na Kano. Aka ce Baba ya yi addu'a tunda shi ne liman, ya ɗaga hannu, sai dariya ta ƙwace masa a gaban jama'a. Ya toshe baki da gefen rawani, ta ƙi tsayawa. Ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba. Tun ranar ya miƙa wa na'ibinsa Malam Abdurrahim jan salla. Ya ce mana kuka ba ya ɓata salla amma dariya tana ɓatawa, shi kuwa ba zai ɗauki sallar mutane a wuyansa ba. Mutumin da yake limancin unguwar nan tun kafin a haife mu ya koma yin tasa a ɗaki shi kaɗai.

Ana cikin haka saƙon muryarka ya shigo, Likita Lukman mai digirin waya. Ka ce ka karanta, saurin sauyawar hali irin wannan shi ne baifola, taɓin hankali ne, gara a sauke shi daga limancin gaba ɗaya kafin a ji kunya. Inna kuwa ba ta iya rage ƙarar waya ba, a tsakar gida ta kunna, Baba yana zaune a bakin ƙofarsa. Da aka watse ya kira ni, ya tambaye ni a hankali wai da gaske ne ya haukace muke ɓoye masa. Lukman, na san ƙauna da tsoro ne suka sa ka faɗa, amma ranar na ji haushinka ƙwarai, kuma zuciyata ta karye.

Sai muka kai shi asibiti Kano, muka samu wata likita mai haƙuri. Ta tambaya ko yakan yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, yana ta zuba da manyan shirye-shirye, daga baya ya yi makonni a kwance ba ya son komai. Muka ce ko kaɗan. Ta juya ga Baba ta tambaye shi ko in dariyar ta zo yana jin daɗi a ransa. Ya ce wallahi ranar makokin nan zuciyarsa cike take da baƙin ciki, mamacin ɗalibinsa ne. Ta ce shi baifola yanayinsa kan ɗauki kwanaki ko makonni, ba ya juyawa tsakanin zuba shayi da shansa. Na Baba ya fi kama da cewa ciwon damina ya taɓa wurin da ke riƙe kuka da dariya a ƙwaƙwalwa, hankalinsa kuwa garau yake. Ta kuma ja mana kunne cewa ko da baifolan ne, ciwo ne mai magani, masu shi suna aiki suna riƙe gidajensu, a daina kiran su mahaukata. Ta ba shi magani ta ce mu dawo. Abin ya ragu, amma bai tafi ba.

Da labari ya kai wa Alhaji Haliru, sai ga shi a zaure da dattawan unguwa. Bai ɓoye ba, ya ce ya riƙe Baba a rai, yanzu ya zo neman gafara. Ya ce in dariyar ta zo ai na'ibi yana baya, in ma ta kama a sake salla sai a sake, sun fi son su sake a bayansa da su yi sau ɗaya ba shi. Jiya da magariba ina bakin murhu, sai na ji lasifikar masallaci, muryar Baba ce. Ya kai tsakiyar Fatiha ya tsaya cak. Na ƙame da muciya a hannu, ban san kuka ne ko ɗayan ba. Shirun ya yi tsawo, ba wanda ya yi ko tari, na'ibi bai motsa ba. Can Baba ya ɗauko daga inda ya tsaya har ya kai ƙarshe, amin ɗin jama'a ta tsallako katanga ta same mu. Inna ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, tuwon ma ya kama.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka kira shi, kuma kada ka fara da ya jiki. Ka kawo masa wata mas'ala ta karatu ka ce ta shige maka duhu, ka bar shi ya warware maka. In ya yi kuka ko dariya a tsakiya, ka jira shi.

Inna tana gaishe ka, haka maigidana da 'yarmu Na'ima. Ka gai da Juwairiyya, ka shafa min kan Amiru da Maimuna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Baraka Isyaku