Hanan da Kyaftin Ɗinta

Daren Talata, Aziziyya

Yarinyar nan Hanan za ta sa mini hawan jini. Ko takalmi ban cire ba ta tare ni da littafin 'yan fashin teku da aka ba su a makaranta, wai su rubuta wanda ya fi kowa jarumta a ciki. Ita kyaftin ta zaɓa, don ya dubi mai jirgin ido da ido ya ce bai yarda da ma'aikatan da ya ɗauko ba, ko da zai sallame shi.

Na ce, "Wannan ganganci ne. Mai iyali ba ya magana haka."

Ta ce, "Ya'ani shi ya sa ka kasa ce wa kafili ya sabunta mana iƙama, Baba?"

A gaban uwarta! Ita kuwa uwar, maimakon ta kwaɓe ta, sai ta ci gaba da juya miya kamar ba ta ji ba. Na daka wa yarinyar tsawa, halas, ta shige ɗaki. Kyaftin na takarda, ba 'ya'ya, ba gidan haya, me zai hana shi baki?

Abin haushin, iƙamar, takardar izinin zamanmu a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, makarantarsu ta fara tambaya, ni kuma kullum sai in shiga wurin kafilin, mutumin da nake aiki a ƙarƙashinsa, in gaishe shi in fito.

Gobe da safe zan shiga ofishinsa, kuma ba zan karɓi "bukra in sha Allah" ba, wato "sai gobe" ɗin nan nasa. In ya kore ni, sai Hanan ta ciyar da gidan da jarumta.