Zuwa ga Malam Iliya, Wanda Na Sa Sunansa a Jerin Marasa Takarda

Malamina, Malam Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka lafiya, kai da ɗiyarka Rifkatu da jikoki da duk mutanen gida a Zuru. Yaya idon? Mu nan Rabah muna nan yadda ka bar mu, sai godiyar Allah.

Lambar wayarka ta daina shiga tun kafin azumi. Na gwada har na haƙura. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa ke gani, don na san Rifkatu tana leƙa shafin nan, in ta gani za ta karanta maka.

Bello ne, ɗan Mamman Dogo na Tungar Marke. Wanda ka koya wa karatu, kuma wanda ya rubuta sunanka cikin jerin malaman da doka ta ce ba su cancanci tsayawa gaban aji ba. An fi shekara yanzu, ban taɓa zama na yi maka wannan magana yadda ya kamata ba.

Ban kai shiga makaranta ba lokacin da ka iso garinmu, can bayan Maikujera, da keke da akwatin ƙarfe ɗaya. Na dai girma ina jin labarin. Babana da bakinsa ya ce baƙo, kuma Kirista, ba zai wuce damina ɗaya a Tunga ba. Ka yi sama da shekara talatin. Ranar Juma'a kana sallamarmu da wuri mu tafi masallaci, ranar Lahadi ka hau keke ka tafi coci a Rabah, har mutane suka daina lura. Ka koyi Fulatanci a rugar Arɗo Jaye don kawai 'ya'yan ruga su daina zama a bayan aji kamar kurame.

Ni ba yaro mai kaifin kai ba ne, ka fi kowa sani. Har aji uku ban iya haɗa baƙi biyu ba. Littattafai ba su ishe mu ba, sai ka riƙa sa mu kawo duk abin da ke da rubutu a gidajenmu. Buhun taki, kwalin ashana, takardar maganin dabbobi. Kana cewa, "Duk inda kag ga baƙi, tsaya ka gaishe shi." Ranar da na karanta wa babana yawan maganin da za a ɗura wa tunkiyarsa, ya sa na maimaita sau uku, sannan ya tashi ya fita. Da yamma aka kai maka damin gero.

Daga nan na wuce, na yi kwaleji, na koyar, har aka ɗauke ni ofis aka ba ni duba makarantu. Makarantarka ta faɗo cikin waɗanda ke hannuna. Duk lokacin da na shigo da babur sai ka miƙe tsaye ka sa yara su gaishe ni. Na roƙe ka ka daina, ka ce ba ni kake miƙe wa ba, aikin kake miƙe wa.

Sai takardar nan ta zo daga Sakkwato. Jiha ta yi doka, ta sa wa kowane yanki abin da ake son ya cim ma. A ƙara yawan yaran da ke shiga makaranta. Yaron da ya gama aji uku ya zamana ya iya karatu. Kuma kada a bar kowa gaban aji sai mai takardar NCE, wanda ya yi rajistar malanta.

Malam, ba zan ɓoye maka ba, na yi murna da na karanta ta. Na sha shiga aji in tarar da malamin da bai iya rubuta takardar neman hutu ba, wani babba ne kawai ya sama masa aikin. Na sha ganin yara sun shekara shida a makaranta sun fita ba su iya rubuta sunansu ba. Har yanzu ban ce dokar banza ce ba. Abin da ban yi ba shi ne tuna ka. Bai taɓa faɗo mini a rai cewa akwai wani abu na malanta da ka rasa ba.

Takardarka Gired Tu ce, irin wadda ake fita da ita daga kwalejin horon malamai ta da. Ba ka yi gardama da kowa ba. Ka shiga karatun ƙarshen mako a Wurno, ka zauna benci ɗaya da waɗanda suka girme wa jikokinka da kaɗan, har da biyu da kai ka koya musu karatu. Wata Asabar na hango ka a tashar Wurno, zaune kan buhun albasa kana jiran mota, ka kai takardar darasi dab da hancinka kana bi da yatsa. Na so in yi maka magana, na ga kada in katse ka.

Saura mako ɗaya a fara jarrabawar ƙarshe 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke gabas da mu. Kafin la'asar Tunga ta watse. Wasu suka nufi wajen dangi a Goronyo da Shinaka, mafi yawa suka gangaro Rabah, aka sauke su a wani ginin ajiya da ba a gama ba. Kwana biyu da zuwanku na tarar ka tara yaran ƙarƙashin dogon yaro, ka jingina murfin akwatinka da itacen kana rubutu a kai da alli. Na ce ka tafi Wurno, ni zan san yadda za a yi. Ka ce, "In na tahi wa za ya riƙe su? Uwayensu na biɗar abin da za a ci, su ko sun ga abin da bai kamata yaro shi gani ba." Jarrabawa ta wuce. Kafin shekara ta zagayo yanar ido ta rufe maka ido ɗaya, ƙaramin rubutu ya gagare ka. Ba ka koma ba.

Fom ɗin da aka ba ni in cika gida biyu gare shi a gaban kowane suna. Yana da takarda, ko ba shi da ita. Na juya bayansa ko akwai inda zan ƙara bayani, babu. Kwana uku yana cikin aljihun teburina. Wani abokin aiki ya ce in rubuta kana jiran sakamako, ai haka ake yi, kafin a waiwayo ka kai lokacin ritaya. Na ɗauko fom ɗin na zo wurinka da wannan shawara. Ka karɓa, ka daɗe kana dubawa da idon mai gani, ka miƙo mini. "Bello, ban koya maka rubutu don ka rubuta abin da babu ba. Sa abin da kag gani."

Na sa. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ka faɗi haka sai na ji sanyi a raina, don ka sauke mini nauyin. Da ma abin da nake so ka ce ke nan. Wannan sanyin da na ji shi ke hana ni sakewa har yau.

Na haɗa da wasiƙa shafi biyu, na faɗi shekarunka da abin da ya hana ka jarrabawa. Na bi sawunta har Sakkwato sau biyu. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce in an buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, gobe duk waɗanda aka yi dokar dominsu ta nan za su bi. Ba ƙarya ya faɗa ba.

Aka ba ka zaɓi, ko ka koma ofis kana tsaron ɗakin ajiyar littattafai, ko ka yi ritaya. Ka ce kai ba ka iya zama da littattafan da ba mai buɗewa ba.

Ranar da za ka tafi, tashar Rabah ta cika da mutanen Tunga. Arɗo Jaye ya zo da ƙwaryar man shanu. Babana ya zo yana dogara sanda, ya riƙe ƙofar motar har sai da direba ya ba shi haƙuri. Ni na ce ina da taro. Babu wani taro. Ina tsaye bayan rumfar mai sayar da fetur har motar ta tashi. Ina jin ka gan ni. Fom ɗin kai ka ce in cika, amma wannan ni na yi da kaina. Ka yafe mini, Malam.

Bari in ba ka labarin bayanka, don na san za ka tambaya.

Mutane sun koma Tunga bayan kaka. An turo sabon malami, Malam Nasiru, yaro ne daga Sakkwato, yana da digiri da rajista, kuma ya iya aiki. Kada kowa ya zarge shi. Ya yi zango ɗaya cur. Wata safiya aka fara harbi ta wajen fadama, ya kwantar da yaran a ƙasan aji, shi ma ya kwanta cikinsu har azahar. Yana da mata da jariri. Yanzu yana zuwa in hanya ta yi shiru, hanyar kuwa ba ta cika yin shiru ba.

Sunansa dai na nan a kan makarantar. Don haka a rahotonmu Tungar Marke ta cika sharaɗi, duk malaminta yana da takarda. Ni na sa hannu.

Watan jiya na je na zauna da 'yan aji uku, ina kiransu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka iya haɗa baƙi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk waɗanda suka fara a hannunka ne. 'Ya'yan ruga sun koma bin shanu. Na je na sami Arɗo, ya ce su ba su ƙi makaranta ba, amma ba zai tura yaro tafiyar sa'a guda cikin wannan daji ya tarar da ƙofa a rufe ba.

Makon jiya kuma aka kira mu taro, aka yaba wa yankinmu saboda mun rage malamai marasa takarda. Aka kira sunana, aka tafa, na tashi na karɓi takardar yabo, aka ɗauki hoto. Na gaji, Malam. Ba gajiyar hanya ba. Na gaji da rubuta abin da kowane layinsa gaskiya ne, in an haɗa shi kuma ba gaskiya ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na fara zuwa Tunga Talata da Laraba, in hanya ta bari. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni tukuna. Ina da duk takardun da doka ke nema, har da ƙari. Ranar farko na tsaya gaban 'yan aji ɗaya, suna kallona ina kallonsu, alli a hannuna, na rasa ta ina zan fara. Manya na saba koyarwa, waɗanda wani ya riga ya sha wahalarsu. Na rubuta baƙaƙe a allo na sa su maimaita, suka yi ta maimaitawa da ƙarfi har aka tashi. Washegari na nuna baƙi ɗaya, ba wanda ya gane shi.

Ina roƙonka, in Rifkatu ta gama karanta maka wannan, ka gaya mata yadda kake farawa da yaron da bai san komai ba. Mi kake yi ranar farko, mi kake yi ta biyu, ina kake zaunar da wanda ba ya jin Hausa, yaushe kake sanin lokaci ya yi da za a ba shi alli. Ta rubuta yadda ka faɗa, kada ta gyara. In rubutun zai yi yawa, ta ɗauki muryarka a waya ta turo. Ba rahoto zan sa shi ba, aji zan kai shi.

Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa a dace da aikin idon da na ji za a yi maka. Allah ya saka maka da alheri a kan kowane yaro da ya bi ta hannunka. Ya kawo mana zaman lafiya a Rabah da Wurno da Goronyo, ya tsare yaran Tunga a hanyarsu ta zuwa da komawa. Ya ba masu yi mana doka ikon ganin abin da ke bayan takarda, mu kuma masu cika ta ya yafe mana.

A gaida Rifkatu da yara. Babana yana gaishe ka, shi ya ce lallai in sa.

Ɗalibinka,
Bello
Rabah