A Kan Matatar Hayaƙin da Aka Cire Daga Salansar Mashin Ɗina

Zuwa ga Shugaban makanikan babur na layin bayan kasuwa, Karu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'arka.

Ranka ya daɗe, sunana Lawal, ina sayar da yadi a kasuwar Karu. Sau biyu na zo rumfarka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili, domin maganar ta shafi duk mai kawo muku mashin.

Na farko, abin da ya faru. Da damina na kawo sabon mashin ɗina wajen Isiya, wanda ke ƙarƙashinka, don ya juye baƙin mai ya duba fulogi. Iyakar abin da na sa shi ke nan. Da na dawo da la'asar na ji ƙararsa ta sauya, na tambaye shi, ya ce inji ne ya saki jiki. Na yarda, domin shekara da shekaru nake kai masa aiki.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Mahaifina, wanda tun kafin aikin Isiya ya zo daga Katsina neman maganin ciwon ƙirji, yana kwana a ɗakin da ke jikin zaure, inda nake ajiye mashin. Kullum da safe nakan tayar da mashin ɗin ya ɗan yi zafi kafin in fita. Sai wani wari mai yaji ya fara cika zauren, Baba kuma tari ya ƙaru. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Wata safiya na shiga gaishe shi na tarar da shi jingine da bango, carbi a ƙasa, yana neman numfashi. Kwana shida muka yi a asibiti. Likita ya tambaye ni ko muna kunna janareta kusa da ɗakinsa. Ba mu da janareta.

Ba zan ɓoye laifina ba: bai kamata in tayar da inji a zaure ba, kuma wannan zai daɗe yana damuna. Amma wata uku ina yin haka Baba yana nan, bai taɓa jin komai ba sai bayan aikin Isiya.

Na uku, abin da na gano. Wani mai walda a unguwar Gudu ya nuna mini tabon inda aka yanka salansar aka liƙe. Abin nan mai kama da saƙar zuma da kuke kira katalis, wanda ke tace hayaƙi, babu shi. Na koma wajen Isiya, bai ko musa ba. Ya ce: "Oga, kowa cirewa yake yi. Ai mashin ɗinka ya fi gudu yanzu." Na tambaye shi ina abin yake, ya ce an riga an saya.

Ranka ya daɗe, ni ban nemi gudu ba. Ɗan adam na ba amana, ya buɗe cikin kayana ya ɗauki abin da ban ba shi ba, ya kuma dube ni ya yi ƙarya.

Ga abin da nake roƙo. Ka tara mutanenka ka hana su taɓa salansar kowa sai da sanin mai ita, bayan sun gaya masa amfanin abin da za a cire. Ka sa Isiya ya faɗi mashin nawa ya yi wa haka, a sanar da masu su, domin wasunsu ma a zaure suke ajiyewa. Sannan a mayar mini da salansata yadda take.

Baba ya koma Katsina. Ya ce in gaya wa makanikin ya yafe masa, ga shi na isar. Har yanzu a zaune yake sallah.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa albarka a sana'arku, Ya tsare iyayenka daga abin da nawa ya gani.

Wassalam.

Lawal mai yadi, Karu.